Garkar cikin gida a Tahoua: yadda za a kafa ta gwargwadon ruwan da ake da shi

Duk wanda ke zuwa cefane a Tahoua ya san yadda kayan miya ke hawa da sauka da yanayi. A watannin Janairu da Fabrairu tumatir yakan cika kasuwa har masu shi su koma yankawa suna shanyawa, amma da zarar bazara ta yi nisa, balle damina ta kankama, sai ya yi wuyar samu, ɗan kashin da ake sayarwa kuma ya ninka kuɗi. Ƙaramar garka a cikin gida ba za ta raba uwargida da kasuwa ba, kuma bai kamata a ɗora mata wannan nauyi ba. Amfaninta shi ne a samu ɗanyen ganye da kayan miya waɗanda aka san ruwan da suka sha da abin da aka fesa musu, a tsinka a daidai lokacin da tukunya ke bisa wuta, sannan tsakar gida ta samu kore da ƙamshin fure a garin da ƙura ta fi ruwa yawa.

Noman rani ba baƙo ba ne a Adar, wato yankin Tahoua. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa jama'a su rungume shi, garake suka yawaita a kwaruruka da bakin tabkuna irin na Tabalak, albasar Galmi kuwa ta kai sunan wannan jiha har kasuwannin Abijan da Akara. Sai dai garkar fadama daban take da ta cikin gida. Can akwai rijiya da injin ban-ruwa, nan kuwa ruwan famfo ne da ake biyan kuɗinsa duk wata, ko jarkar da ga-ruwa ya kawo ƙofar gida. Don haka kafin a sayi ko ƙwayar iri guda, ruwa ya kamata a fara aunawa.

Lissafin ruwa

Ruwan saman da garin Tahoua ke samu a shekara, idan aka ɗauki matsakaici, bai kai milimita 400 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watanni takwas duk ɗigon da shuka za ta sha daga hannun mai garka zai fito. A lokacin sanyi kowane murabba'in mita na fangali yana buƙatar kimanin lita 5 zuwa 6 a rana, a Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura maki 40, buƙatar takan kai lita 8 zuwa 10. Ke nan fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai shanye kusan jarka guda ta lita 20 kowace rana a watan Disamba, ya kuma nemi jarka ɗaya da rabi a bazara. Gidan da zai iya ware jarka biyu a rana ba tare da ya takura wa girki da wanka ba, fangali biyu ne daidai da shi. A ganina gara a fara da waɗannan biyun su ƙoshi, da a shimfiɗa shida a riƙa raba musu ruwan da bai ishe su ba, domin shukar da ke kwana da ƙishirwa ita ce ƙwari ke fara afka wa, kuma ita ce ke sa mutum ya yanke ƙauna ya ce ƙasar gidansa ba ta da albarka.

Akwai ruwa mai yawa da ake zubarwa a gida wanda garka za ta yi maraba da shi: ruwan alwala, ruwan da aka wanke shinkafa ko hatsi ko ganye, da wanda aka ɗauraye kwanuka a ƙarshe idan ba maiƙo a ciki. A ajiye bokiti a wurin alwala, da yamma a kai shi gindin shuka. Ruwan wanki mai garin sabulu ko maganin farar da tufafi kada ya shiga fangali, domin yana tara gishiri a ƙasa yana ƙona saiwa, ruwan makewayi kuwa ba a ma maganarsa.

Lokacin ban-ruwa shi ne sassafe ko bayan la'asar, kuma a gindi ake zubawa a hankali, ba a kan ganye ba. Bayan haka a rufe fuskar ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko karan hatsi da aka sassara, kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili kewaye da kowane tushe saboda gara. Wanda ya sa hannu ƙarƙashin wannan rufi da azahar zai ji ƙasa da sanyi da danshi, alhali wadda ke fili a gefenta ta bushe ta yi zafi. Ga tumatir da tattasai da kabewa akwai wata dabara mai rage wahala ƙwarai, wato a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba har zuwa wuyansa, a dasa shuka uku ko huɗu kewaye da shi, a cika shi da ruwa a rufe bakin saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, sai dai a riƙa leƙawa bayan kwana biyu ko uku a ƙara.

Wuri, shinge da ƙasa

A zaɓi kusurwar da ke samun rana tun hantsi har kusan azahar, wadda katanga ko itace ke kare ta daga ranar la'asar. Kada a matsa kusa da gindin dogon yaro, domin saiwarsa za ta bi danshi ta shigo fangali ta shanye ruwa da taki. Shinge kuwa tilas ne tun ranar farko, saboda akuya guda ta isa ta share aikin wata biyu kafin a idar da salla. Darni na kara ko zana ya wadatar, kuma a ƙarfafa shi ta gabas da arewa inda iskar hunturu ke bugowa, a toshe ƙasansa saboda kaji.

Ƙasar gidajen Tahoua galibi ko rairayi ce mai zubar da ruwa da wuri, ko fako mai tsakuwa da ba ya huduwa sai da diga, kuma maganin dukansu ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki. A haƙa fangalin zurfin kamu ɗaya da rabi, a tsince duwatsu da leda da gutsattsarin siminti, a cakuɗa ƙasar da taki kimanin bokiti guda a kowane murabba'in mita. A rani a bar fangalin ya ɗan faɗa ƙasa da tsakar gida, a ɗaga masa gefe don ruwa ya tsaya a ciki. A damina kuwa a ɗaga shi sama, domin ruwan Agusta idan ya kwanta a gindin shuka na kwana biyu saiwa ruɓewa take yi. Inda fakon ya yi tauri sosai babu buƙatar farfasa shi duka. A yi irin tassar da manoman Illela da Badagishiri suka farfaɗo da gonakinsu da ita: rami daban ga kowace shuka, a cika shi da ƙasa mai kyau da taki.

A nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa, su kwaso ɗanyen kashin tumaki ko na kaji daga turke su zuba. Ɗanyen taki yana ƙona ƙananan shuke-shuke, yana kawo ƴaƴan ciyawa da tsutsa, kuma ga ganyen da ake ci ɗanye kamar salati yana iya jawo ciwon ciki. A haƙa rami a wani lungu, a riƙa jera kashin dabbobi da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da ƴar toka, a yayyafa ruwa ya jiƙa ba tare da ya yi caɓi ba, a rufe da tsohuwar tabarma, a juya duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari da zafi, ya riƙa marmashewa a hannu, to a lokacin ya isa shiga fangali.

Ƴan haya da waɗanda aka shafe tsakar gidansu da siminti ba a bar su a baya ba. Buhun shinkafa, tsohon bokiti da jarkar da aka yanke duk suna ɗaukar shuka, muddin an huda ƙasansu, an kuma kare jikinsu daga rana don kada saiwa ta dahu.

Abin da ake shukawa a lokacin sanyi

Daga tsakiyar Oktoba zuwa Fabrairu ne garka ke ba da mafi yawan amfaninta, kuma wanda ya makara ya fara a Janairu zafi zai riske shi kafin ya ci moriya. Tumatir, salati, shu (wato kabeji), tattasai da albasa duk sai an yi renonsu kafin a dasa. A samu faffaɗan kwano mai huji ko a ware kusurwar fangali, a tankaɗe ƙasa da taki su yi laushi, a ja layuka da yatsa, a zuba iri sama-sama a rufe da ƙasa kaɗan, domin ƙaramin iri idan ya nutse ba ya fitowa. A shimfiɗa ciyawa a kai har ranar da aka ga tsiro, sannan a ɗauke ta nan take, in ba haka ba tsiron zai yi tsawo ya yi fari ya faɗi. Babban maƙiyin wurin reno a cikin gida shi ne ƙadangare, wanda kan sauko daga katanga da hantsi ya bi layi yana tsinke ƙananan ganye ɗaya bayan ɗaya. Tsohon gidan sauro da aka ɗora kan sanduna huɗu aka danne gefensa da duwatsu yana maganinsa.

Tumatir yakan isa dashe bayan mako uku zuwa huɗu, idan ya yi ganye huɗu ko biyar. A shayar da wurin reno da kyau, a tono kowane tushe tare da ƙasarsa, a dasa da yamma a tazarar santimita 50, a nutsa karan ya ɗan fi yadda yake a da, domin zai fitar da sabuwar saiwa a jikinsa. Washegari za a tarar da shi ya yi laushi ya sunkuya, wannan ba abin damuwa ba ne, a kafa masa guntun kwali ta wajen rana na kwana uku zai miƙe. A kafa sanda a ɗaure shi da tsumma tun yana ƙarami, kuma a kiyaye ban-ruwa a kan ƙa'ida guda, domin baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ƴaƴan tumatir yawanci daga shan ruwa yau a rasa gobe yake samo asali. Bayan wata biyu zuwa biyu da rabi da dashe za a fara tsinka. Irin Roma ya saba da sanyinmu, Icrixina kuwa, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, da Mongal, sun fi jure zafi da damina. Tushe shida zuwa takwas sun ishi matsakaicin gida.

Salati yana yin mako uku a reno, a dasa shi a tazarar santimita 25 zuwa 30, bayan wata guda da ƴan kwanaki ya isa ci. Kada a shuka shi duka rana ɗaya. A riƙa zuba iri kaɗan duk bayan mako biyu, a kuma riƙa ɓallo ganyen waje ana barin zuciyar, ta haka za a daɗe ana ci kafin zafin Maris ya sa ya yi tsawo ya yi ɗaci. Karoti ba ya son dashe, a wurinsa ake shuka shi a ƙasa mai laushi marar dutse, a rage tsiron a bar tazarar yatsu uku, ya yi wata uku. Shu yana cin wuri da ruwa, tsutsa kuma tana sonsa ainun, don haka a ƙaramar garka ban cika ba da shawararsa ba.

Game da albasa, gaskiya ita ce wanda ke zaune kusa da Galmi da Madawa ba zai yi gasa da kasuwa ba. Renonta kaɗai yakan ci kwana 45 zuwa 50, sannan ta yi kusan wata huɗu bayan dashe kafin ta ƙosa. Abin da ya fi riba a gida shi ne a dasa ta a gefen fangali saboda lawashi, a riƙa yanka ɗanye ana sawa a miya, ragowar a daka a shanya a yi gabu.

Bazara da damina

Idan Maris ya raba, furen tumatir zai fara zubewa ba tare da ya ƙulla ba, saboda zafin rana da na dare sun wuce abin da yake iya ɗauka. A wannan lokaci hikima ita ce a rage garka, a bar fangali guda ya huta a ƙarƙashin ciyawa, a yi wa ɗayan rumfar zana mai shara-shara, a koma ga shuke-shuken da suka san ƙasar nan. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu kuma yana sake tohowa. Kuɓewa, wadda mutanen Adar ke kira guro, a jiƙa irinta ya kwana, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami a tazarar santimita 40, bayan kusan wata biyu ta fara ba da ƴaƴa. A riƙa tsinka duk bayan kwana biyu tun suna da taushi, domin idan aka bar su suka ƙosa uwar takan daina haihuwa. Da saukar ruwan Yuni ko Yuli sai a ƙara yakuwa da lalo da rama, da tushen kabewa guda a bar ta ta hau rumfa. Yakuwa kaɗai tana ba da ganyen miya, ta ba da abin jiƙa zoɓo, ƴaƴanta kuma su ne daudawar batso.

Idan da za a ce in zaɓi shuka guda tilo ga gidan da ruwa ya yi wa ƙaranci, zogala zan zaɓa. Ana shuka ƙwayarsa ko a kafa reshensa, kuma bayan ya kama ruwan alwala kaɗai ya ishe shi. Sirrinsa shi ne kada a bar shi ya yi tsawo: da ya kai ƙugun mutum a datse kan, zai yi rassa da yawa, ganyen kuma ya zauna inda hannu ke kaiwa. Tushe huɗu ko biyar a jikin katanga za su wadatar da gida da ganyen dambu da kwaɗo kusan duk shekara. Na'ana'ar shayi kuwa a ba ta tukunyarta daban kusa da randa, inda inuwa da ɗigon ruwa ba sa yankewa, domin a fangali mamaye maƙwabtanta take yi.

Furanni

Wasu na ganin fure ɓarnar ruwa ne a gari irin namu, ni kuwa ina ganin yana da gurbinsa idan an zaɓa da hankali. Lalle shi ne na farko: yana jure fari, yana zama shinge, ganyensa na ƙunshi ne, ƙananan fararen furanninsa kuma suna cika gida da ƙamshi da maraice. Bugenbiliya tana son rana, kuma ta fi yin fure idan ba a cika mata ruwa ba, sai dai a nisanta ta da hanyar yara saboda ƙaya. A cikin fangali kansa a sa marigol, ƙaramin furen nan mai launin ruwan ɗorawa da ƙamshi mai ƙarfi, domin saiwarsa tana rage ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulle-ƙulle, musamman idan aka cika fangalin da shi na tsawon wata biyu ko uku kafin a dasa kayan miya. Ɗaiɗoya idan aka bar wasu rassanta suka yi fure tana jawo ƙudan zuma, waɗanda in ba su kabewa ba ta ƙulla ƴaƴa sosai.

Akwai fure guda da ya kamata a yi hattara da shi, wato loriye-roz, mai dogayen siraran ganye da fure ja-ja ko fari, wanda ake yawan dasawa a harabar ma'aikatu da otal. Ganyensa da furensa da itacensa duk guba ne ga mutum da dabba, don haka gidan da ke da ƙananan yara ko awaki ya haƙura da shi.

Ƙwari da cuta

Mafi ingancin magani a ƙaramar garka shi ne ido da hannu. Kowace safiya a ɗaga ganye a duba bayansa, a tsince tsutsa, a murtsuke darɓa tun tana kaɗan, a cire ganyen da tsutsar tumatir mai haƙa hanya a cikin ganye ta ɓata a ƙona shi. Tushen da ya naɗe ya tsumbure a tumɓuke shi gaba ɗaya, domin ba ya warkewa, sai dai ya harbi na kusa da shi. Idan abin ya fi ƙarfin hannu, a tsinto busassun ƴaƴan dogon yaro, a ɓare a daka ƙwayar kimanin giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun gida a ciki don ya kama ganye, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye, a maimaita bayan mako guda. Rana tana kashe ƙarfinsa, shi ya sa ba a fesawa da hantsi, ba a kuma ajiye ragowar.

Ina roƙon kowane mai garka da ya nisanci piya-piya da sauran magungunan da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda. Ba a yi su don ganyen da za a ci gobe ba, balle a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Wanda ya ga lallai sai ya yi amfani da maganin zamani, ya tuntuɓi malamin gona, ya sayi wanda aka amince da shi, ya kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka.

Kada a maimaita dangi ɗaya a fangali ɗaya sau biyu a jere. Tumatir, tattasai, barkono, yalo da dankalin turawa duk ƴan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya, saboda haka bayansu sai a sa albasa ko alayyafo ko wake, wanda shi har ƙarfi yake ƙara wa ƙasa.

Ajiye iri

Kuɓewa, yakuwa, alayyafo, barkono, zogala da marigol duk ana iya ajiye irinsu. A zaɓi tushen da ya fi lafiya da yawan ƴaƴa tun da wuri, a ɗaura masa tsumma don kada a tsinke shi da cefane, a bar ƴaƴan su ƙosa su bushe a jikin uwar. A ƙarasa shanya su a inuwa, a cakuɗa da ƴar toka da aka tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da wata, a ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da murhu. Irin da aka rubuta F1 a jikin fakitinsa, kamar Mongal, ƴaƴansa ba sa fitowa daidai da uwar, don haka shi sabo ake saye kowace shekara, a kuma duba kwanan watan da ke jikin fakitin kafin a biya, musamman na albasa wanda ƙarfin tsirarsa ke raguwa bayan shekara guda.